Ranar da Tiyo Ya Ƙi Ja Mini Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina saurayi, sabon malamin gona, an turo ni wata gonar gwaji a wajen Kadawa, a shekarun da aka fara sako ruwan dam cikin manyan hanyoyin ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Ina da satifiket, ina da keke sabo fil, ina da biro uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai yake rubutu). In ka ga yadda nake tafiya a kan kunya, sai ka rantse ni na haƙa dam ɗin.

Lebura huɗu ne a ƙarƙashina, amma gaskiyar magana mutum ɗaya ne yake riƙe da gonar. Sunansa Agali, Buzu ne daga can arewacin Nijar. Babban farin nan ne ya cinye masa dabbobi, rijiyar lambunsa ta ƙafe, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka gangaro da ƙafa. Sun kafa 'yar bukkar tabarma a bayan gonar. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai Buzu" kawai nake cewa, shi kuma ya ce, "Na'am, Malam."

Shi ne mai ban ruwa. Yadda ake yi, akwai wani lanƙwasasshen bututun roba da muke kira tiyo. Za ka tsoma baki ɗaya a cikin hanyar ruwa, ka toshe ɗaya bakin da tafin hannu, ka ɗan jijjiga shi gaba da baya, sai ka saki, ruwa ya tsallako gaɓa ya bi kwarin kunya. A hannun Agali abin kamar wasa. Kafin ka gama gaisawa da mutum ya tayar da tiyo goma. Ya san fangalin da ya ƙoshi da wanda yake jin ƙishi ta hanyar taka ƙasar kawai, don a garinsu ma alkama yake nomawa da ruwan rijiya. Ni kuwa na karanta tiyo a littafi, na zana shi a allo, har na ci jarrabawa a kansa. Amma ban taɓa tayar da ko ɗaya ba, don a ganina wannan aikin lebura ne.

Ana nan sai takarda ta zo daga ofis, a rage lebura ɗaya. Cikin huɗun nan akwai Habu, ɗan kawuna, wanda babban aikinsa a gona shi ne gano inuwar da ta fi sanyi. Kowa ya san wanda ya kamata ya tafi. Amma na tuna fuskar kawu, na tuna abin da Inna za ta ce in na koma gida. Sai na zaro biron nan mai rubutu, na sa sunan Agali, a gurbin dalili na rubuta: ba ɗan ƙasa ba ne. (Injiniyan da ya auna mana hanyar ruwan Bature ne, direban babbar motar ofis daga Gana ya zo, ni kaina daga Dawakin Kudu aka kawo ni. Amma baƙon da na iya gani shi ne wanda ba shi da kowa.)

Da na gaya masa, bai yi gardama ba. Ya ɗan gyara rawaninsa ya ce, "To, Malam. Alkamar fangalin gabas tana son ruwa jibi, kada a wuce." Daga ranar kullum da safe sai ya zo ya zauna a gindin wata tsamiya a bakin gona, ko za a sake shawara. Ni kuma na koma shigowa ta ɗaya gefen don kada mu haɗa ido.

Kwana huɗu bayan nan aka ce manya za su zo daga Kano ganin gonar gwaji, a tara manoma a nuna musu ban ruwan zamani. Na ce wa Habu ya shirya, shi zai tayar da tiyo. Ran taron da safe Habu ya aiko cewa ciki ya murɗe shi. Sauran leburan biyu masu shara da huɗa ne, ba su san tiyo ba. Na ce a raina, mene ne a ciki, abin da Buzu yake yi?

Motoci suka iso, manoma sun fi a ƙirga, sun jeru a gaɓar ruwa. Babban jami'in ya tsaya da babbar riga, Baturen yana gefensa. Na yi jawabi mai tsawo, na kawo Turanci inda babu dalili. Sannan na naɗe hannun farar rigata na durƙusa, na tsoma tiyo, na toshe, na jijjiga, na saki. Shiru. Na sake. Tiyo ya yi 'yar gyatsa ya tofa mini ɗigo biyu. Na ce wa jama'a wannan ya fashe ne, a miƙo wani. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

Wani dattijon manomi, Baba Inuwa, ya ce a hankali, "Malam, ko dai ruwan ne bai iya Turanci ba?" Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Zufa ta karyo mini duk da sanyin da ake yi. A nan ne shaiɗan ya ba ni shawara. Na kafa baki a kan tiyo na zuƙa da dukkan ƙarfina, yadda direbobi suke zuƙo fetur. To, wannan karon ruwa ya zo, da laka, da gansakuka, da wani abu mai motsi da har yau ban so in san ko mene ne ba. Na shaƙe, na miƙe a firgice, santsi ya kwashe ni, sai ga malamin gona tsundum a cikin hanyar ruwa, hula ta kama hanyar Bunkure ita kaɗai.

Dariyar da aka yi, har Baturen sai da ya juya baya. Ina cikin ruwa iya ƙugu ina tari, sai na ga hannu a gabana. Agali ne. Ya jawo ni, ya ɗauki tiyon da na ce ya fashe, ya tsoma, ya girgiza sau biyu, ruwa ya ɓalle. Ya bi layi yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen fangali. Ba ka jin komai sai gudun ruwa a kwarin kunya.

Kana tsammani faɗawa ruwan ce abin kunyar? Ina ma a ce ita ce. Babban jami'in ya nuna Agali da sandarsa ya ce mini, "Wannan ma'aikacinka ne? Ya san aiki." Ga dama ta zo har gabana. Da na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne gonar nan, kuma na sallame shi bisa kuskure," da kalma ɗaya daga bakin jami'in nan ta mayar da shi bakin aiki. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma ina tsaye ruwa yana ɗiga daga wandona, abin da ya dame ni shi ne 'yar ragowar girmana. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai ni na koya masa. Akwai irinsa da yawa."

Jami'in ya juya wajen Agali ya ce, "Haka ne?" Agali ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Malam ya koya mini abubuwa, ranka ya daɗe." Baba Inuwa ya yi tsaki ya kaɗa rigarsa ya tafi. Motoci suka tashi.

Washegari na je ofis da jiƙaƙƙen takalmi na ce a mayar da sunan. Akawu ya ce takarda ta riga ta wuce Kano, kuma da dalilin da na rubuta da hannuna, babu mai sake duba ta. Na garzaya bayan gona. Babu bukka, sai duwatsun murhu uku da toka. Wata mai tallar fura ta ce tun da hantsi suka ɗaure kaya, ƙaramar yarinyar ma a goye take don ba ta da lafiya. Ba ta san inda suka nufa ba.

Alkamar shekarar nan ba ta yi ba. Habu ya cika wani fangali har ya ruɓe, ya bar wani ya bushe. Manoman da Agali yake leƙa wa gonaki yana gyara musu ruwa kyauta su ma sun ji a jikinsu, kuma sun san wanda ya jawo musu. Har na bar wurin, in na wuce sai in ji ana cewa, "Ga Malam Tsundum nan." Wannan bai dame ni ba, na cancanta.

Na daɗe ina leƙa fuskar duk Buzun da na gani yana gadi a ƙofar wani gida a Kano, ina fatan shi ne, ina kuma tsoron shi ne. Ban same shi ba, ban san ko yarinyar ta rayu ba. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: yanzu na iya tayar da tiyo da hannu ɗaya, ido a rufe. Sai da na kori wanda zai koya mini sannan na zauna na koya, kuma babu wanda hakan ya ciyar.