Mai Amsa Ta Tara

Har ranar da za a kai ni makwancina ba zan manta da safiyar Larabar da na miƙe tsaye a gaban malaman jami'a, can Gubi, na tona wa kaina asiri ba. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya nuna ni da yatsa. Da ƙafafuna na tashi, da bakina na faɗa. In kuwa kuna jiran in ce na yi kuka, to ku gyara zama, don ban yi ba.

Ga yadda abin ya faro. Ina da jika, Rukayya, 'yar babban ɗana, wadda karatu ya ƙi ƙare mata. Ta gama na farko, ta gama na biyu, ta ce saura na uku (ni da ko bakin aji ban taɓa takawa ba, sai in ce Allah ya taimaka). Wata rana ta zo min har ɗaki da jakarta, ta ce bincike take yi a kan yadda intanet ke haɗa mutane da yadda take raba su.

Na ce, "To ni kuma me ya haɗa ni da wannan?"

Ta ce, "Dada, ai ke ce kan gaba. Duk zuri'armu ba mai aika saƙon murya kamarki."

Gaskiya ta faɗa. Ban iya karatu ba, amma na san inda ake dannawa a yi magana. Muna da zauren dangi a waya, wanda yara ke kira guruf, kuma ni ce nake buɗe shi kullum da gaisuwa. Na Legas, na Jos, da wanda ke Makka, duk muryata ce take tashinsu. Jikokin da ba su taɓa ganin juna ba, ni na gaya musu wane ɗan wane ne.

Ta sa na dangwala yatsa a wata takarda, ta ce alkawari ne ba za a faɗi sunana ba, lamba za a ba ni. Ban ma saurare ta sosai ba, don na ƙagu in fara. Na yi ta zuba. Kun san tsohuwa in ta samu mai sauraro wanda ba ya katse ta. Na faɗi na faɗa, har na faɗi wanda ba na faɗa ba, wato labarin Ladi.

Ladi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Zungur. Mu biyu muka rage a cikin tara. A gidanmu kuwa tun zamanin iyaye, in an haihu ko an rasu, babba ake fara gaya wa, ita take sanar da sauran. Ni ce babba. Ana nan ana nan, matar ɗan ƙaninmu marigayi ta haihu, Ladi na wurin. Maimakon ta kira ni, sai ta ɗauki hoton jariri ta watsa a zaure. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, maƙwabciyata ta shigo tana yi min barka, ni kuwa ban san an haihu ba. A gidanmu. Ina raye.

Ban yi faɗa ba. Na kira surukata na ce ta buɗe min sabon zaure, ta zuba kowa da kowa ban da Ladi. Na kuma aika murya na ce duk wanda ya gaya mata, ni da shi. Daga nan hira ta koma sabon wuri. Tsohon zaure ya zama kango, sai dai ran Juma'a a jefa addu'a a wuce. Haka muka yi shekara guda da 'yan watanni. Ina gaisawa da Ladi, ina zuwa sabgarta, ba ta san komai ba.

Kwanci tashi, na ji labarin wai za a tara mutanen gari a jami'a, ɗalibai su karanta musu abin da suka gano, da Hausa. Na ce zan je. Rukayya ta ce, "Dada, zaman zai yi tsawo, ga ƙafarki." Na ce ƙafar tawa ce. Ta ce babu abinci. Na ce na ci a gida. Ta yi ta kewaye-kewaye, ni kuwa na ɗauka kunyar tsohuwar da ba ta yi boko ba take ji, abin ya ƙara tunzura ni. Ba ma zuwa kawai ba, sai da na aika aka ɗauko min Ladi daga Zungur, don ta zo ta ga yadda ake girmama yayarta (ku dai ji, ni da kaina na gayyato ta).

Muka hau keke mai ƙafa uku, na sha atamfata mai ruwan goro, muka zauna a layin gaba. Ɗaki cike, da malamai, da limamai, da matan unguwanni. Rukayya ta hau ta fara. Ta yi bayani mai tsawo, na ɗan yi gyangyaɗi. Can sai na ji ta ce, "Mai amsa ta tara, wata dattijuwa, ta ce: muryata ce igiyar da ta ɗaure gidanmu, daga nan har Makka."

Barci ya watse. Maganata ce, ko harafi ba a canza ba. Wani farfesa mai furfura ya gyaɗa kai, mutane suka yi ta cewa masha Allah. Amma wai "mai amsa ta tara". Ni da aka yanka min rago aka raɗa min suna, yau na koma tara? A wurinmu mai ɓoye sunansa a kan magana ɗan gulma ne. Magana tana da mai ita. Sai kawai na dogara da sandata na miƙe.

Na ce, "Ku gafarce ni, malamai. Ba tara ba ce, ni ce. Ni na faɗa, kuma ga ni."

Aka yi tafi. Ladi ta ja zanena tana murmushi, ta ce, "Yaya, ashe ke ce." Na dubi Rukayya don in ga ta yi alfahari da ni, sai na ga fuskarta ta yi fari fat. Ta ce za ta tsallake zuwa babi na gaba. Na ce, "A'a, 'yar nan, ƙarasa. Ba abin da na faɗa da nake jin kunyarsa." Farfesa ya ce mata ba dole ba ne. Na ce dole ne, ni mai maganar na ba da izini.

Sai ta karanta. Wai ita wannan dattijuwa, ita ce kuma ta buɗe zaure na biyu a ɓoye, ta kwashe dangi kaf, ta bar 'yar uwarta ɗaya tilo a tsohon, saboda hoton jariri.

Ina nan tsaye ƙiƙam. Wata mata a baya ta yi tari irin na danne dariya. Ban juya wajen Ladi ba, amma na ji lokacin da ta saki zanena.

Da a nan aka tsaya, da sauƙi. Ladi ce ta yi magana a hankali, tana daga zaune. Ta ce, "Rukayya, karanta ta goma sha biyu. Ni ce. Ni ma na ba da izini." Ashe ita ma an je mata har Zungur. Rukayya ta karanta: "Danginmu sun daina zumunci. Ina ajiye waya kusa da turmi ina daka, ko za ta yi ƙara, shiru. Yayata kaɗai nake tausayi, ita da ke son hira, yanzu ba ta da abokin yi."

To. Ni da na zo a girmama ni. Na ce a raina, tunda an fara a tsaye, a ƙare a tsaye. Na juya na fuskanci jama'a na ce, "E, na yi. Kuma ku rubuta a littafinku cewa waya ba ta raba kowa ba, ni na raba. Kada ku ɗora wa ƙarfe laifin mutum." Farfesa ya sunkuya ya rubuta (har yau ban san ko yabo ya rubuta ko akasinsa ba).

A keken dawowa, Ladi ta juya min ƙeya tun daga Gubi har cikin gari. Ba ta kwana gidana ba, ta wuce Zungur. Na aika murya, ba amsa. Na sake aikawa, ba amsa. A rana ta uku na sa aka kai ni. Na same ta tana sussukar dawa. Na zauna a kan turmi ba tare da an ce in zauna ba.

Na ce, "Ladi, na zo."

Ta ce, "Na gani. Ai ba a waya kike ba."

Na ce, "Za a sa ki a zauren."

Ta ce, "Ba na shiga. Ku za ku dawo inda kuka bar ni. Kuma ke za ki faɗa musu dalili, da muryar nan taki da ke kaiwa har Makka."

A nan tsakar gidanta, kaji na yawo a ƙafata, na danna waya na faɗa wa zuri'a kaf abin da na yi. Sau biyu ta sa na sake, wai na farko ban ambaci shekara guda ba, na biyu kuma na yi ƙasa da murya. Sannan ta kawo min fura.

Har gobe ina nan a kan bakana, labarin haihuwa babba ake fara gaya wa, kuma na faɗa wa Ladi hakan kafin in ajiye ƙwaryar. Ta ce ta ji. Abin da kawai na canza shi ne, in 'yan boko suna karanta takarda, ko da sunan mahaifina na ji a ciki, ba na ko motsi sai na ga sun naɗe ta sun mayar a jaka.