Rasuwar Bawel, Mai Riƙon Fuskokin Unguwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin allo, iyalan Pak (wato Malam) Darmaji mai shagon ɗab'i na bayan kasuwar kifi, a nan Pekalongan, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu Bawel, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi bayan jinyar kwana biyar. Ta rasu tana da shekara goma sha biyar, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Marigayiya Bu (wato Malama) Warsini, matar Pak Darmaji, ita ta raɗa mata suna Bawel, wato mai surutu, don fankarta ba ta san shiru ba. In an kunna ta da safe sai ta yi tari sau biyu, gur, gur, sannan ta saki ƙara guda, tit, kamar mai sallama. Bayan wannan ba ta da wani aibu da muka sani. Sau uku ruwan teku yana shigowa unguwa har gwiwa, sau uku ana ɗora ta kan kabad tun kafin a tuna da buhun shinkafa, kuma duk sanda aka sauko da ita sai ta yi tarinta ta kama aiki.

Babu gidan da bai ci arzikinta ba. Duk littafin Yasin da aka raba a unguwar nan, a sadakar arba'in ko ta kwana ɗari ko ta kwana dubu, da hoton mamaci a shafin farko, daga cikinta ya fito. Bu Warsini ke gyara hotunan. Takan daidaita hular da ta karkace, ta cire inuwa daga fuska, ta ajiye kowa da sunansa, don ta san za a dawo nema.

Waɗanda suka san Bawel sun san ƙofa biyu gare ta. Bayan sallamar nan tata sai farin rubutu layi biyu ya fito a baƙin allo. Na sama shi ke kai mutum ɓangaren Bu Warsini, da irin manhajar da take so, na ƙasa kuma na mijinta ne. Bawel takan ƙirga daƙiƙa goma, in ba a taɓa komai ba ta shiga na ƙasa da kanta. Bu Warsini ce ta tsara haka. "Kai dai naɗe hannunka ka jira," in ji ta, "don kai ko ruwa ka taɓa sai ya lalace."

Da ciwon Bu Warsini ya yi nisa, wata Juma'a mijinta yana masallaci, ta yi kwalliya ta ɗauki hoton kanta da kyamarar shago, ta gyara abinta ta ajiye. Da ya dawo ta ce masa, "Na zaɓi wanda za ka sa mini a littafin Yasin ɗina, yana ɓangarena. In ka kuskura ka sa na katin shaida, wanda na yi kama da wadda aka kama da kazar maƙwabta, ban yafe ba." Ta kuma sayo ɗan akwatin ajiyar bayanan kwamfuta, ta ce ya kwafe komai a ciki. Ya ce to.

Bai taɓa ganin hoton ba. Tunda aka binne ta ya kasa shiga ƙofar sama. Kullum ƙarfe bakwai yakan zauna, ya naɗe hannu, ya kalli layin nata har daƙiƙa goman su ƙare. Littafin arba'in ɗinta da na kwana ɗari sunanta kawai ya sa, mutane suka yi ta ƙananan maganganu, wai mai ɗab'in unguwa guda matarsa ba hoto. Ya yi kunnen uwar shegu da su. Ya yi wa kansa alkawari ranar kwana dubu zai buɗe, ya ga fuskar da ta zaɓa, ya raba wa kowa. Ranar kuwa ita ce Alhamis ɗin nan.

Ciwon ajalin Bawel ya soma ne daga ɗan nauyin jiki. Ɓangaren ƙasa ya riƙa jan ƙafa, ga littattafai ɗari uku suna jira. Sai 'yarsu Ningrum ta zo daga Semarang da mijinta Teguh, mutum mai ladabi wanda gyaran kwamfuta ne aikinsa, ya sake wa ɓangaren ƙasa manhaja ranar Laraba. Aiki ya yi kyau. Amma da aka sake kunnawa, Bawel ta yi tari, ta ce tit, ta wuce kai tsaye cikin sabuwar manhajar. Layukan nan biyu sun ɓace. Sabuwar ta yi irin na ɗan haya mara kunya, ta shafe ƙofar maƙwabciya da siminti. Pak Darmaji ya dafa tebur, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Teguh. "Kayan Mama suna nan lafiya, ƙofar ce kawai ta ɓuya. Gyaran minti goma ne."

Minti goman nan kwana uku suka ci. Ya tayar da ita da filashi, ya kwafo umarni daga wayarsa layi bayan layi, ya sake gina ƙofar ta rushe, ya sake ta rushe. Ranar Juma'a ma ƙofar ƙasan ta bi ta sama, ba abin da ya rage sai ɗan farin zane yana ƙifta ido a kusurwar allo. Ranar Asabar ya ce hanya ɗaya ta rage: a share faifan ajiyar da ke cikinta gaba ɗaya, a sake raba shi yadda ya kamata, sannan a mayar da kayan Mama. Ya russuna ya ce, "Baba, kafin in taɓa, akwai kwafin kayan nata a wani wuri ko?"

Babu. Kwafewa sai an shiga ƙofar sama, shi kuwa ya kasa. Amma tun bayan arba'in ya gaya wa Ningrum ya kwafe don ta bar shi ya huta, ga ta nan tsaye da tiren shayi, ga suruki durƙushe ya kwana uku yana wahala. Dattijo mai furfura ya ƙaryata kansa a gaban mijin 'yarsa? Ya dubi ƙasa ya ce, "Akwai, ɗana."

Teguh ya ji muryar ta yi rawa. Sai dai a nan ba a yi wa suruki tambaya ɗaya sau biyu. Ya danna. Garin neman gira aka rasa ido.

Ranar Lahadi layi biyu suka dawo, tsaf, gwanin sha'awa, na saman yana kai mutum ɗaki fayau. Teguh ya nemi akwatin ajiyar. Pak Darmaji ya buɗe durowa ya miƙo shi a cikin ledarsa, ko yaga ta ba a yi ba. Ningrum ta ce, "Haba Baba," ta fita tsakar gida. Teguh ya sa Bawel tonon abin da aka share ba hutawa. Tsohon faifan da ya shekara goma sha biyar yana shaƙar iskar gishiri bai iya wannan ba. Ya fara ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki. Litinin da hantsi fankar ta yi shiru. An kai faifan wajen gwani a Semarang, ya buɗe, ya girgiza kai.

Ta tafi da fuskokin 'yan unguwa sama da ɗari shida, da ɗaya da ba wanda ya taɓa gani. Ta bar firinta guda mai larurar ido, da kibod da haruffansa suka goge a inda yatsun Bu Warsini suka fi bi, da allo, da akwatin ajiya sabo fil wanda bai taɓa riƙe ko harafi ba. Pak Darmaji ya ce a rubuta a nan, tunda bakinsa ya kasa faɗa: Teguh ba shi da laifi, kada kowa ya yi masa kallon banza.

Ba wanka, ba salla, don marigayiyar ƙarfe ce. Mai gwangwan zai zo ɗaukar gangar jikin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Faifan kuwa an naɗe shi a zanen batik na Bu Warsini, zai zauna kan kabad inda ruwa ba ya kaiwa. Akwatin ajiyar kyauta ne ga duk wanda ya yi alkawarin yage ledarsa ran nan, gemun ɗan'uwanku dai ya riga ya ƙone.

Sadakar kwana dubun Bu Warsini tana nan ranar Alhamis bayan magariba, a gida. Akwai shayi da shinkafa, da kwandon da kowa zai tafi da shi. An buga littattafan a wani shago. Za ku ga shafin farko da zanen furanni kewaye da farin fili, ba kuskuren ɗab'i ba ne, kada a tambaya. Hoton katin shaidarta yana nan, amma ta ce ba ta yafe ba.

Ana karɓar gaisuwa a shago kullum daga hantsi. Iyali na roƙon kada a zo da ƙarfe bakwai na safe, don a lokacin Pak Darmaji yana zaune gaban teburin da hannunsa a naɗe, yana jiran daƙiƙa goma su cika.