Rumfar da Na Yi wa Sola

Ina da gidan haya mai ɗaki huɗu a Daura, kuma na daɗe ina ji da kaina a matsayin mai gidan da ya san ya kamata. Da masu haya suka ishe ni da kukan rashin wuta da shan man janareta, sai na sa aka kafa musu sola a tsakar gida. Fanka ta kama juyawa, ana ta sa min albarka.

Ran nan da azahar na leƙa, na ɗora hannu a kan faifan, na ji shi kamar kaskon suya. Ni da ko babur ɗina ba na bari a rana, kayan tsada irin wannan zan zuba ido ya ƙone? Ban shawarci kowa ba. Na sayo zana biyu, na sa aka yi masa rumfa lafiyayya, na tsaya ina gyara hula.

Washegari Malam Sani, malamin makarantar da ke ɗakin farko, ya kira ni.

"Alhaji, fanka ta tsaya. Wa ya yi wa sola rumfa?"

Na ce, "Ni ne. Ba sai kun gode ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ranar ce abincinta."

An matsar da rumfar, wuta ta dawo, yanzu a ƙarƙashinta muke shan shayi. Amma har yau in na iso majalisa sai wani ya ce, "Alhaji, ya jikin sola? Ko a kai mata mafici?"