Muryar Kaka a Taron Direbobi

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinka da ya ɓata mini safiya," in ji Kaka, tana ta lissafa ƙwayoyin maganinta a tafin hannu.

Jikan nata na tsaye bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ransa a dagule. Wata uku ke nan da manhajar kamfanin ɗaukar fasinja ta rufe shi rana tsaka, ba wanda ya ji ta bakinsa. Sai ya koma aikin gwaji a manhajar ƙungiyar direbobi, inda direbobin ne masu abin, kuma kowane ƙorafin fasinja a gaban kowa ake sauraronsa. Yau da hantsi za su kaɗa ƙuri'a, ko su karɓe shi ko su sallame shi.

"Tsohuwa, me kika aika musu ranar da na kai ki asibiti?"

"Wayar ce ta ce in faɗi yadda tafiya ta kasance. Na faɗa."

"Minti huɗu kina zuba! Kin ce mai keke ya wuce mu yana ɗaga mana hannu."

"Sau biyu ma. Ya je ya dawo."

"Ke fa kika ce in bi a hankali saboda ƙugunki!"

"A hankali na ce, ban ce mu kwana a hanya ba."

"Har da cewa motata tana tari."

"Tausayi ta ba ni. Saura kaɗan in sam mata maganina."

Ya dafe kai. "Kaka, mutum arba'in ne za su ji muryarki a lasifika. Ba su san wasa kike ba. In suka ƙi ni, ina zan nufa?"

"Ka dawo in aure ka mana, in rufa maka asiri."

"Wa zai kwashi amarya mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, marar kunya!"

Bai yi dariya ba. Kaka ta ɗago, ta ƙare masa kallo.

"Su waɗannan, suna barin fasinja ya zo da bakinsa?"

"Ƙa'idarsu ce. Kowa sai an ji shi."

Ta watsa maganin a baki, ta kora da ruwa, sannan ta tuntsire da dariya.

"Miƙo mini mayafina, miji na banza. Zan je in gaya musu awa uku ka yi kan bencin asibiti kana jirana. Zaginka kuwa nawa ne ni kaɗai, ba zan ba ƙatti arba'in aro ba."