Rubutun da Na Ce Ba na Malam Ba Ne

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je wani ofishin gwamnati a Abuja neman rubutun mijina, na dawo gida ina jin kunyar hannuna na dama.

Malam ya rasu da damina. Direba ne, ya shekara ashirin da wani abu yana jan mota daga Nyanya zuwa cikin gari, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Bayan rasuwarsa na ci gaba da sa wayarsa a caji, ban san dalili ba. (Hauwa, 'yarmu, ta ce in kashe. Na ce to. Ban kashe ba.) Ina cikin takaba sai ga saƙo ya shigo wayar da Turanci. Ni sakandare na gama, ina karantawa daidai gwargwado, amma sai da na bi shi sau uku kafin na kama kansa. Daga wani sashe na gwamnati ne da ya taɓa kiran taron jin ra'ayin jama'a, a kan ko za a tashi motocin haya daga bakin titi a mayar da su wata tasha can ciki. Sun ce sun gama aiki da bayanan waɗanda suka cika fom, kuma ƙarshen wata mai zuwa za su lalata sunaye da lambobin waya. Mai son ganin nasa ya zo kafin nan.

Na tuna Malam ya je taron nan, har ya sa babbar riga. Sai zuciyata ta ce min, ashe akwai takarda a wani wuri da rubutunsa a jiki. A gidan kuwa babu ko ɗaya, na duba. Malam ba mai son biro ba ne. Takardun makarantar yara, na asibiti, na wuta, duk ni nake cikawa. (Ku riƙe wannan maganar, don ni ban riƙe ta ba.)

Na fita takaba saura kwana huɗu wata ya ƙare. Washegari na ɗauki takardar shaidar rasuwa da katina, na hau mota. Awa biyu muka yi a cunkoson Nyanya.

Wadda ta karɓe ni a ofishin sunanta Madam Ladi, mutuniyar Yangoji, mai gilashi da igiya a wuya. Ta yi min gaisuwa, ta duba takarduna ciki da baya, ta shiga ta fito, sannan ta ce tunda mai fom ɗin ya rasu kuma ni ce matarsa, ogansu ya yarda in gani.

"Amma Mama, zai ɗauki lokaci small," in ji ta. "Takardan biyu ne yanzu. Mun yanka shi."

"Kun yanka?"

Ta yi min bayani a hankali. Kowane fom da ya shigo, sai su raba shi gida biyu. Na sama shi ne mai suna da lambar waya da unguwa da sa hannu, ana kulle shi a kabad ɗin ƙarfe. Na ƙasa shi ne ra'ayin mutum, shi ake kai wa masu rubuta rahoto a wani ofis daban. Lamba guda ake bugawa a jikin duka biyun. Wanda ya san suna bai san ra'ayi ba, wanda ya san ra'ayi bai san suna ba, don kada a riƙe wani a zuciya saboda abin da ya faɗa.

Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa nake, to a duk ginin nan wa ya san Malam ke nan?

Na zauna a benci tare da wasu mutum biyar ko shida. Can sai ga ta da fayil. Ta ajiye guntun sama, ta ajiye na ƙasa, ta ce in karanta a gabanta. Idona bai tsaya a na sama ba, maganarsa nake nema. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a tashi motocin, domin mata masu kaya za su wahala da tafiya can ciki.

Na sake karantawa. Malam da ya shekara ashirin yana mita a kan cunkoson da motocin nan ke jawowa? Mutumin da ko tuwo yake ci sai ya ce da za a kwashe su da titi ya sha iska?

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kowa a layinmu zai shaida. Amma ranar na miƙe tsaye.

"Madam, wannan ba maganar mijina ba ce. Ba kuma rubutunsa ba ne."

"Mama, lamban ɗaya ne, ki duba."

"Lamba ku kuka buga. Kun yanke kan Malam kun ɗora a jikin wani." (Haka na ce, a gaban mutane.) Ban tsaya nan ba. Na ce dama ana faɗa a gari cewa ma'aikata ke zama su cike fom da kansu su ce jama'a ce ta faɗa, yau na gani da idona. Na ce ku ji tsoron Allah, mamaci kuka sa wa magana a baki. Wani dattijo a benci ya ce, "Faɗa musu, Hajiya." Sai na ƙara ƙaimi.

Hayaniyar ta fito da ogan, Malam Bashir, mai sanyin magana. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, Hajiya. Zauna mu ji." Da ya ji, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ba ƙaramin zance ba ne: in har an haɗa ba daidai ba, to ra'ayin wani bawan Allah aka nuna min ba da izininsa ba, kuma sai an bi duk wanda takardar ta bi ta hannunsa. Ya kalli Madam Ladi. Ta cire gilashinta ta goge. Shekararta goma sha ɗaya da makullin kabad ɗin nan, daga baya na ji.

Ya ba ni takardar ƙorafi, ya ce in cika da manyan baƙaƙe. Na cika kuwa, da zuciya, har biro yana huda takarda.

Madam Ladi ta karɓa za ta buga hatimi, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Ta jawo guntun ƙasa ta ajiye gefen ƙorafina.

"Mama," ta ce a hankali, "zo ki gani wani abu."

Layukan duka biyun suna gangarawa dama kamar za su zube. Duka biyun biro ya huda su a wurin ɗigo. Na ce a raina, ai mutane da yawa haka suke rubutu. Sai ta matso da guntun sama ta haɗa bakinsa da na ƙasa. A daidai inda aka yanka akwai tabon manja, rabi a sama, rabi a ƙasa. Suka haɗu cif.

Manjan ne ya dawo min da ranar. Ina suya a tsakar gida Malam ya shigo da babbar rigarsa, ya ce layin cikawa ya yi tsawo, an ce a kawo gobe. Ya sa hannu a tsaye, ya ajiye min a kan turmi, ya ce, "Maman Hauwa, rubuta musu a kwashe su." Ya wuce masallaci sallar la'asar. Ni kuwa na tuna yadda nake sauka da buhun shinkafa daidai bakin layinmu, na ɗauki biro da hannun suya na rubuta nawa. Na ce zan gaya masa in ya dawo, mu yi dariya. Washegari ya ɗauka ya kai musu bai duba ba. Abinci ya shiga tsakani, kwanaki suka shiga tsakani, sai rashin lafiya.

Dattijon benci ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

Na ce, "Ni ce. Ni na sa masa magana a baki."

Malam Bashir ya yi tari, irin na wanda yake danne wani abu. Ya ce, "To Hajiya, ƙorafin nan a kan wa za mu shigar da shi?"

Madam Ladi ce ta fara dariya, ba ta mugunta ba. Ni ma na yi, daga nan ta juye min kuka, wanda ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Ta zagayo ta riƙe ni, matar da na gama kira maras tsoron Allah. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Haba Mama, ni ma haka nake yi wa nawa."

Na tambaya ko za a gyara a rubuta abin da Malam ya ce. Malam Bashir ya ce rahoto ya riga ya tafi, an ƙirga ra'ayin ba tare da suna ba, babu mai iya cewa na wane ne. Amma guntun sama, tunda injin yanka takarda zai cinye shi jibi, in na sa hannu na karɓa zai iya ba ni.

Sai a lokacin na dube shi da kyau. Suna ni na rubuta, unguwa ni, lambar waya ni. Can ƙasa a kusurwa, ga sa hannun Malam, ɗan ƙarami, a karkace, irin na wanda yake sauri kada jam'i ya wuce shi. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi na zo nema, kuma tun farko yana gabana, ina can ina faɗa da rubutuna.

Yana cikin hularsa yanzu, a akwati. Na koyi cewa kafin in tuhumi gwamnati da sauya maganar mijina, in fara duba hannuna ko da manja. Motocin kuma suna nan bakin titi har yau. Ban san ko nawa ra'ayin ya taimaka ba, amma duk ranar da na yi awa biyu a cunkoson Nyanya, nakan ce a hankali, "Malam, da kai ka cika."