Babbar Rigata Ta Samu Aiki

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na je ɗaurin auren 'yar wani abokina a Limawa, sanye da 'yar shara da wata hula da ta sha jiki. Ina isa na doshi dardumar cikin rumfa, inda na saba zama shekara da shekaru, sai mai rabon goro ya sha gabana ya ce, "Baba, nan na manyan baƙi ne, ga benci can." Bencin nan kuwa a tsakiyar rana yake. Na zauna ina gumi ina amsa amin, har aka shafa fatiha ko alawa ba ta iso inda nake ba. Ban ga laifin kowa ba. Laifin babbar rigata ne, da ta tafi aiki Kuta ta bar ni a gida.

Aiki na ce, jama'a, ba kuskuren baki na yi ba. A garin nan da masu digiri ke yawo har dugadugan takalmansu su cinye, rigata ce ta samu aiki, kuma ba ta san kowa a sama ba.

Ga yadda abin ya faru. Ina da maƙwabci a nan Tunga, Irimiya, mutumin Kuta, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya yi karatun akanta, ya kuma yi aiki a wani kamfanin ruwan leda, har ranar da tsadar man dizal ta rufe kamfanin aka ce kowa ya kama gabansa. Matarsa Esta tana soya doya a bakin titi, 'yarsu Sandra kuma tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinya ce mai kai. Sai ga maigidan hayarsu, Alhaji Ndayako, ya zo da sallama mai taushi, ya ce ma'aikatan Abuja sun gano cewa ajiye iyali a Minna ya fi musu sauƙi, kuma akwai wanda ya taya ɗakin Irimiya da kuɗi mai tsoka. Ko dai Irimiya ya biya sabuwar haya kafin ƙarshen wata, ko ya kwashe komatsansa. Kwashe komatsai kuwa yana nufin komawa Kuta, yana kuma nufin Sandra ta ajiye littafi ana gab da jarrabawa. Abin da ke hana Irimiya barci ke nan, ni ma ya hana ni, don ta katanga nake jin juyinsa.

Kada ku ce mutumin bai nemi aiki ba. Babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba daga Bosso har Chanchaga. Amma ku da kanku kun san neman aiki a Minna shi ma aiki ne, sai dai kai ke biyan albashin. Ɗan acaɓa zai ce maka mai ya tashi. Mai keke zai ce taya ta tashi. Ka biya Kasuwan Gwari ka taya doyar da aka haƙo a gonar kawunka, a faɗa maka farashi kamar a jirgin sama ta zo. Ka dawo gida ka tarar ba wuta, alhali madatsun ruwan da ke haskaka wasu garuruwa a bayan gidanmu suke. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun koya mana tattali, yanzu ko gaisuwa a taƙaice muke yi don kada yunwa ta tashi.

Ana nan sai aka yi shela cewa wani kwamiti, mu kira shi Kwamitin Share Hawayen Matasa, zai raba ayyuka da kayan sana'a, kuma Mai Girma Sarkin Alƙawari da kansa zai halarta. Ni dai na ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. Amma Irimiya ya shigo wurina da yamma ya ce, "Baba Badaru, zan je. Sai dai ko ina na je maigadi ne yake koro ni. Yana kallon rigata sai ya ce Oga ba ya nan."

Nan fa na gyara zama na ba shi shawara irin ta dattawa. Na ce masa a ƙasar nan ba a ba mayunwaci abinci, sai wanda ya yi kama da ƙosasshe. Na sa uwargida Muniratu ta buɗe akwati ta fito da babbar rigata, farar shadda mai aikin hannu har ciki, wadda na ɗinka tun zamanin da albashi ke kaiwa ƙarshen wata. Muniratu ta miƙo tana harara ta, ta ce, "Malam, kayan aro fa ba ya rufe katara." Na ce ta bar mu, wannan zancen maza ne.

Da safe Irimiya ya fito fes, hula ta zauna, riga tana ƙara. Ya tsaya bakin titi, babu abin hawa, duk 'yan acaɓa suna can layin mai. Sai ga Ladan bakanike ya fito gwada wata jibgegiyar mota mai baƙin gilashi da wani Alhaji ya kawo masa gyara. Ya ce, "Irimiya, shigo in rage maka hanya. Amma zauna baya, gaba akwai batir da baƙin mai, kada ka ɓata rigar Malam." Haka maƙwabcina ya hakimce a kujerar mai zaman banza, ba da nufin komai ba.

Suna isa filin taro, ƙofar da ake ta korar masu neman aiki daga bakinta ta buɗe wangwam. Wani ya ruga ya buɗe murfin mota, wani ya kawo lema. Ashe tun hantsi ake jiran Sarkin Alƙawari, sai aka ce ya wakilta Ɗan Majen Jawabi, shi kuma ya wakilta wani, wanda aka wakilta ɗin ma bai zo ba. Irimiya ya ce wa mai gabatarwa, "Yallaɓai, ni na zo ne don..." Mutumin ya katse shi, "Mun sani, ranka ya daɗe, kai muke jira." Kafin ya sake buɗe baki an dasa shi a kujerar tsakiya, ga fanka a gefe, ga ruwan roba mai sanyi.

Aka miƙa masa lasifika aka ce ya yi jawabi. Sai kawai ya faɗi abin da ke cinsa. Ya ce haya ta fi ƙarfin talaka a Minna. Ya ce mutum ya yi karatu ya rasa aiki, ya kwana yana lissafin ko kuɗin acaɓa ko na koko. Ya ce uba yana jin kunyar haɗa ido da 'yarsa in ta dawo makaranta. Filin nan ya kaure da tafi, mata suna share hawaye. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa ganin babban mutum da ya san wahalar talaka haka ba, kamar a gidansu ake yinta.

Daga nan aka turo injin markaɗe, kore, mai 'yar lotsawa a gefe. Irimiya ya miƙa wa wani saurayi, aka ɗauki hoto, aka yi guɗa. Taro na watsewa wasu ƙarti suka ɗora injin a motar da ta kawo shi, aka ce wa saurayin za a kira shi.

Da aka shiga ɗakin cin abinci Irimiya ya bar shinkafarsa a faranti. Ya ja sakataren kwamiti gefe ya faɗa masa gaskiya, cewa shi ba wakilin kowa ba ne, aiki ya zo nema. Ya zaci za a kira masa 'yan sanda. Sakatare ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Rigar taka ce?" Irimiya ya ce ta maƙwabci ce. Ya ce, "Maƙwabcin yana da haƙuri?" Ya ce ƙwarai. Sakatare ya ce, "To ka samu aiki. Mu matsalarmu wakili mai zuwa a kan lokaci. Kai ga ka da jawabi, ga ka da cika kujera."

Ka ji yadda Irimiya ya zama Wakilin Wakilin Wakili. Ranar ya dawo da cinyar kaza a aljihun rigata ya kai wa Esta, maiƙon yana nan har gobe. Aka fara yawo da shi, yau Maikunkele, gobe Zungeru, jibi wata unguwa a cikin gari, kowane taro a ba shi abin da suke kira kuɗin mai, ko da yake ba shi da ko keke. Da wannan ya toshe bakin Alhaji Ndayako, aka sabunta haya, Sandra ta ci gaba da zuwa makaranta. Ni kuwa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, rigata ke fita aiki, ni ke sayen sabulu.

Sai dai na lura mutumin ya daina dariya. Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida ya ce, "Baba Badaru, injin nan fa guda ɗaya ne. Koren nan mai lotsawa. Na ba mutum a Maikunkele, na ba mutum a Zungeru, kowa ya rungume shi ya yi mini addu'a. In na dawo sai in ji kamar na yi sata." Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce masa da babu gara ba daɗi, ya daure har yarinyar ta gama jarrabawa. Sai ya ce, "Asabar Kuta za mu je."

To ranar da nake gasuwa a benci a Limawa, ga abin da ke faruwa a Kuta, kamar yadda Ladan ya ba ni labari, don yanzu shi ne direban wakili in ya samu motar gwaji. Gari ya fito kakaf ganin ɗansu da ya zama babban mutum a Minna. Mahaifiyar Irimiya tana sahun gaba da sabon zane. Da aka zo kiran matashin da zai karɓi inji, masu shirya taro, don su faranta wa wakili rai, sai suka kira ƙanensa Josiah, wanda rashin kwanciyar hankali ya raba shi da gonarsa ta can cikin daji. Irimiya ya miƙa, aka ɗauki hoto, tsohuwa ta taka rawa.

Taro ya watse, ƙartin nan suka zo ɗaukar kayansu, suka tarar da tsohuwa zaune a kan inji tana fifita da gefen zane. Suka ce, "Mama, tashi, za a kai shi a yi masa rajista." Ta ce, "Ɗana ne ya ba ƙanensa a gaban jama'a. Ku tambaye shi." Kowa ya juyo yana kallon Irimiya. Sakatare yana ta ƙifta masa ido. Irimiya kuwa ya san abin da ke kan faranti, ga aikinsa, ga hayar baɗi. Sai ya naɗe hannun riga a kafaɗa, irin yadda ya ga manya na yi, ya ce da murya mai kauri, "A bar shi a nan."

Wa zai ja da babbar riga a gaban jama'a? Ƙarti suka sunkuya suka ce an gama, ranka ya daɗe, mota ta koma Minna fayau.

Tun a hanya aka sallame shi. Da daddare ya aiko Sandra da rigata a ninke, da doya manya-manya a kai. Washegari na same shi a bakin titi yana fere wa Esta doya, yana fito. Na ce, "Irimiya, yanzu kuma fa?" Ya ce, "Hayar bana dai an biya, Baba, yarinya za ta zana jarrabawarta. Baɗi kuma Allah yana nan. Litinin zan koma zagayen neman aiki, da tawa rigar." Na ji daɗi, na kuma ji tsoro a madadinsa, don na san garin da muke ciki. Injin kuwa an ce tun asuba mata ke layi da bokitan masara a ƙofar Josiah. A iya sanina injin nan ne farkon wanda kwamitin nan ya sama wa aiki na dindindin, shi ma sai da tsohuwa ta zauna a kansa.

Ina cikin rubuta muku wannan sai ga sallama a ƙofar gida. Sakataren kwamiti ne da kansa, da wani ɗan 'yar'uwarsa dogo mai faɗin kafaɗa. Ya gaishe ni da ladabi har ƙasa, bai ko tambayi lafiyar Irimiya ba, ya ce sun zo ne su ji ko rigar tana da lokaci ranar Asabar. Na ce masa ya yi haƙuri, ta shiga yajin aiki, kuma Muniratu ce shugabar ƙungiyarsu.