Alayyahun Da Aka Shuka A Ƙasar Wata

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Ummi ba, ko da kuwa ita ta ce ta yafe. Ummi 'yar ƙanena ce, Alhaji, wanda nake zaune a gidansa a Nassarawa tun rasuwar maigidana. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kama sunanta. Ta yi karatu har ana ce mata Dakta. Ni kuwa aji uku na yi a firamare, amma in dai shuka ce, ko sanda na kafa sai ta yi ganye.

Wata rana ina mitar bohol ɗinmu da ya fara jan iska, da bishiyoyin layinmu da ake ta sarewa ana kafa shaguna, sai ta ce, "Gwaggo, ai duk duniya ce. Muna cin ƙasa fiye da yadda take farfaɗowa. Shi ya sa wasu ke cewa a hau duniyar wata a haƙo ma'adinai, a yi gona, a zauna."

Na ce, "Mun cinye tuwon gidanmu, za mu shiga maƙwabta da kwano ke nan?"

Ta yi dariya, ta ce ita dai so take ta gwada ta gani ko abinci zai fito a can. Ta samo wata ƙasa mai kamar toka, wadda aka niƙa daga dutse aka gasa don ta yi daidai da ta duniyar wata, ta shuka alayyahu a akwatunan gilashi a ɗakin bayan gida. Wata biyar tana fama.

Da za ta yi tafiyar sati biyu, ta ba ni makulli. "Ki leƙa ki ga ko fitilar na ci. Kada ki taɓa komai, Gwaggo. Komai."

Da rana tsaka na shiga, amma sai da tsigar jikina ta tashi. An toshe tagogi da baƙar leda. Hasken ɗakin shuɗi-shuɗi, ja-ja, hannuna ya koma kamar na gawa. Wani inji na ta gurnani a kusurwa. Babu ƙuda, babu tururuwa, ko yanar gizo babu. Ga alayyahun nan fari fat, sun langaɓe duk gefe guda, kamar masu jiran a yi musu salla. Wallahi ji na yi suna kallona. Na yi a'uzubillahi na fito da baya.

Kwana uku suna zuwar mini a rai. A na huɗu tausayi ya ci ƙarfina. Na ɗebo takin akuya daga lambuna (mai kyau, wanda ya ruɓe ya yi baƙi), na buɗe akwati ɗaya, na tura shi can ƙasa, na baje tokar a kai. Ni a ganina sadaka na yi.

Ummi ta dawo ta tarar da akwatin ya yi kore shar. Ta fito da gudu ta rungume ni, hawaye a idonta. "Gwaggo, ya yi! Ɗaya ya yi!" Na ce gobe zan faɗa mata. Goben nan sai da ta yi sati.

Ranar Asabar ta gayyato malaminta, wani Farfesa mai farin gemu, da abokan aikinta biyu, su gani da idonsu kafin ta rubuta wa duniya. Na kai musu zoɓo har ɗakin, na maƙale a bakin ƙofa da faranti.

Farfesa ya sunkuya yana cewa, "Wannan ƙasa babu rai a cikinta, ko ƙwayar cuta..." Sai ya ƙura wa akwatin ido.

Tokar tana motsi.

A hankali ta kumbura, ta tsage, wani abu ja, dogo, mai sheƙi ya fito yana lalube a jikin gilashi. Ɗaya daga cikin baƙin ya ja baya yana salati. Ummi ta dafe bango. "Daga ina? Ni na rufe akwatin nan da hannuna." Na ga yarinyar nan ta fara shakkar hankalinta, alhali ni na san tanar lambuna ce, har ƙibarta na gane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba 'yar wata ba ce. 'Yar bayan kicin ce."

Na zayyana komai. Farfesa ya tono tokar da biro, ya ɗago ƙwallon kashin akuya guda, ya duba shi a fitila kamar zinariya.

"Hajiya, awakin naki nawa ne?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"To, Dakta, ki rubuta: kafin mutum ya hau wata, sai an fara aika awakin Gwaggo."

Suka fashe da dariya. Ummi ba ta yi ba. Wata biyar na aikinta sun tafi, dole ta sake daga farko. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na uku ta same ni a lambu, ta tsuguna, ta damƙi ƙasa ta daɗe tana shinshinawa.

"Da kin yi shiru, da na yi wa duniya ƙarya," in ji ta. "Amma makulli kam, kin gama riƙewa."

Abin da na koya biyu ne. Tausayin da ba a nemi izini ba ɓarna ce mai ɗankwali. Sannan duk mai shirin ƙaura zuwa sama, ya fara tambayar wa zai ɗaukar masa buhun taki.